Zuwanmu Kanada na farko ni da Hajiya: ina da ina za mu gani?

Ummu Safiyya ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda ke zaune a Kanada ko suka san ƙasar. Ƙanena zai kammala digirinsa na biyu a Toronto, bikin yaye su a watan Yuni ne in Allah ya kai mu, kuma Alhamdulillahi biza ta fito mana ni da Hajiyarmu. Mako biyu muke sa ran yi.

Hajiya ta haura shekara sittin, tana fama da ciwon gwiwa, doguwar tafiyar ƙasa da hawan matakala suna wahalar da ita ƙwarai. Amma mace ce mai son ganin gari. Tun da aka fara maganar tafiyar nan ta ce ita ba za ta keta duniya ta je ta zauna a ɗaki ba, tana so ta ga abin da za ta dawo ta ba jikokinta labari. Ni kuma ina so in cika mata wannan burin, don ban san ko za mu sake samun irin wannan dama tare ba.

Abin da na rubuta a takarda shi ne magangarar ruwan Niyagara, da tafkunan nan masu shuɗin ruwa na wajen Banf da nake gani a hotuna, da birnin Bankuba, da tsohon birnin Kebek, sai kuma koren hasken nan da ake cewa yana fitowa a sararin sama da dare can arewa. Ƙanena ɗalibi ne, daga makaranta sai wurin aiki, ban da Niyagara bai san ko'ina ba. Don Allah wanne zai yiwu a ciki, wanne zan cire? Kuma yaya sha'anin abinci da salla yake ga matafiyi? Na gode.

Yaya Larai (Otawa) ta amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya alheri, ya sa a yi taro lafiya, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Na ji daɗin yadda kika damu da ita, shi ya sa zan yi miki bayani a tsanake.

Takardar nan taki ta fi ƙarfin mako biyu, kuma laifin girman ƙasar ne. Kanada ce ƙasa ta biyu a faɗi a duniya bayan Rasha, ta kusa murabba'in kilomita miliyan 10, agogo shida ake amfani da su daga gabas zuwa yamma. Daga Toronto zuwa Bankuba wajen awa biyar ne a jirgin sama, da bambancin awa uku a agogo, in kuwa jirgin ƙasa ne kwana huɗu ake yi a hanya. Ba a tauna taura biyu lokaci guda: ko dai ku ɗauki gabas ku more ta, ko ku ƙare hutun a layin filin jirgi kuna jan akwati, Hajiya na neman wurin zama. Ni a ganina ku ɗauki gabas, tunda can bikin yake. Toronto, Niyagara, Otawa, Montiriyal da Kebek duk a kan layi ɗaya suke, jirgin ƙasa na VIA Rail ya haɗa su, kuma ga mai ciwon gwiwa jirgin ƙasa ya fi komai sauƙi, tana iya miƙe ƙafa, ta tashi ta ɗan taka, ga banɗaki a ciki. Ku sayi tikiti da wuri, ya fi araha, ku kuma gaya musu tun lokacin saye cewa akwai dattijuwa mai buƙatar taimakon hawa. Sai dai jirgin kan makara wani lokaci, domin mafi yawan layin na jiragen kaya ne. Kada ku ɗaura wani abu mai muhimmanci daf da lokacin isowa.

Niyagara kam ba a cire ta. Kimanin kilomita 130 ne daga Toronto, awa ɗaya da rabi zuwa biyu a mota. Mutane kan je da rana su ɗauki hoto su juyo, ni kuwa ina cewa ku kwana ɗaya. Ku fara da wurin da ake kira Table Rock. Nan ne za ki tsaya a jikin ƙarfen shinge, ruwan yana wucewa ƙasanki da 'yan taku kaɗan kafin ya faɗa. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne launinsa a daidai bakin: kore ne shar, sumul, yana lanƙwasawa a hankali kamar ba ya sauri, sai kawai ya ɓace cikin farin hazo, ya faɗa ƙasa fiye da mita 50. Ƙarar kuma a ƙirji ake jin ta. Feshin yana jiƙa mayafi da gilashin ido ko da rana ta take, don haka ki riƙe wa Hajiya wani mayafin a jaka. Hanyar bakin kogin shimfiɗaɗɗiya ce, ba tudu ba matakala, akwai kujeru, za ta iya zama ta yi tasbihinta tana kallo iya son ranta. Ruwan manyan tafkuna huɗu ne ke bi ta nan, daga tafkin Erie zuwa tafkin Ontario, kuma duk yawan da za ku gani ba duka ba ne, tun yarjejeniyar 1950 tsakanin Kanada da Amurka ake karkatar da wani kaso zuwa tashoshin lantarki, musamman da dare.

Akwai jirgin ruwa da ke kai mutane har gindin magangarar, tafiyar wajen minti ashirin. Na ɓangaren Kanada jajayen rigunan leda yake rabawa, na ɓangaren Amurka shuɗaye. Ana sauka wurin hawansa da lif. In Hajiya ba ta tsoron ruwa ku shiga, amma ta tsaya a ƙasa daga ciki, don saman jirgin santsi yake yi. Da dare ana haska ruwan da fitilu masu launi, wannan ne dalilin kwanan. Titin Clifton Hill da gidajen caca ba abin da za ku rasa in kun bar su. Abu ɗaya da nake roƙonki: gadar Rainbow da za ku gani a gefe, ƙetarenta Amurka ce. Bizar Kanada ba ta shiga da mutum Amurka. Ki gaya wa duk wanda ke tuƙa ku ya lura da allunan hanya, kada ya shiga layin gadar.

Toronto kanta kwana uku sun ishe ku bayan hidimar biki. Hasumiyar CN mita 553 ce, an gama ta a 1976, ta yi sama da shekara talatin tana riƙe da kambun gini mafi tsawo a duniya kafin na Dubai ya wuce ta. Lif ne ke kai mutum sama, akwai wurin da daɓensa gilashi ne kana ganin titi a ƙarƙashin ƙafarka. Amma in kuɗi ya sa dole a zaɓa, ni na fi son jirgin fiton da ke kai mutane tsibiran Toronto. Minti goma sha biyar ne ko ƙasa da haka, kuɗinsa kaɗan, kuma daga can ne ake ganin birnin gaba ɗaya a bakin tafki. Sai gidan tarihi na Aga Khan da aka buɗe a 2014, na kayan fasahar ƙasashen Musulmi ne zalla: tsofaffin kwafin Alƙur'ani rubutun hannu, da tangaran, da kayan auna taurari. Ba shi da girman da zai gajiyar da tsohuwa, kuma na tabbata Hajiya za ta daɗe a gaban rubuce-rubucen nan.

Daga nan ku taho mana Otawa, wajen awa huɗu da rabi a jirgin ƙasa. Mutane da yawa suna tsallake ta wai garin ma'aikatan gwamnati ne, ni kuwa ina ganin ita ce ta fi dacewa da dattawa, don komai kusa yake kuma ba hayaniya. Sarauniya Victoria ce ta zaɓe ta babban birni a 1857. Babban ginin majalisa mai hasumiyar agogo yana rufe tun 2019 ana gyaransa, aikin shekaru ne, za ku tarar da shinge da injinan ɗaga kaya. 'Yan majalisar wakilai sun koma ginin gefe, 'yan majalisar dattawa kuma tsohuwar tashar jirgin ƙasa, kuma ana zagayawa da baƙi duka biyun kyauta in an yi rajista a intanet tun da wuri. A gefen majalisar akwai mashigin ruwa na Rideau da aka haƙa tsakanin 1826 da 1832, saboda tsoron kada Amurka ta sake kawo hari bayan yaƙin 1812. Tsawonsa kilomita 202 har birnin Kingston. Ƙofofi takwas ne a jere suke sauke jiragen ruwa zuwa kogi, kuma har yau da hannu ake murɗa su. Ku tsaya a kan gada ku kalli yadda ma'aikata ke juya ƙarfen, ruwan na ja da baya kaɗan-kaɗan, jirgi na sauka mataki-mataki. A hunturu ruwan nan ne ke daskarewa mutane su yi ta zamiya a kansa kusan kilomita 8.

Wurin da ba na so ku rasa shi ne gidan tarihin ƙasa da ke Gatineau, ƙetaren kogi, mintuna kaɗan a mota. Babban zaurensa cike yake da dogayen gumakan itace da 'yan asalin gaɓar yamma suka sassaƙa, kuma a sama an ba da tarihin ƙasar ba tare da ɓoye abin kunya ba, har da makarantun kwana da aka riƙa raba yaran 'yan asalin ƙasa da iyayensu da harshensu, waɗanda sai a shekarun 1990 aka rufe na ƙarshensu. Baƙo ya kamata ya san a ƙasar wa yake tafiya. Suna ba da aron keken tura marasa ƙarfi a ƙofa, ki karɓa wa Hajiya ko da ta ce ba ta so, wurin da faɗi.

Maganar kuɗi kuma, farashin da ke jikin kaya ba shi za ki biya ba. A lardin Ontario ana ƙara harajin kashi 13 cikin ɗari a wurin biya, a Kebek kusan 15. A gidan abincin da ake kawo wa mutum har tebur ana barin tukuicin kashi 15 zuwa 20, kuma ba a ɗauke shi a matsayin ganin dama ba. Ki sa wannan a lissafi tun daga gida. Abinci ba zai ba ku wahala ba. Musulmi sun kusa kashi 5 cikin ɗari na mutanen ƙasar a ƙidayar 2021, a yankunan Toronto da kewayenta irin su Mississauga da Scarborough gidajen abincin halal ba sa ƙirguwa, manyan kantuna ma suna sayar da kaza da nama mai tambarin halal. Otawa kuwa garin shawarma ce, albarkacin 'yan Labanan da suka daɗe a nan.

Montiriyal da Kebek zan bar wa waɗanda suka fi ni saninsu. Bankuba ki ajiye ta sai wani zuwan.

Baban Amir (Kalgari) ya amsa:

Salamu alaikum. Yaya Larai ta yi bayani mai kyau, Allah ya saka. Na yarda a cire Bankuba. Amma Yaya, ki yi haƙuri, ban yarda a cire Banf da sauƙi haka ba. Birane akwai su ko'ina a duniya. Duwatsun Rocky da tafkunansu su ne abin da mutum zai gani ya san lallai ya zo wata ƙasa daban, kuma 'yar'uwarmu ta ce ba ta da tabbacin sake zuwa da Hajiya.

Lissafin ba shi da wuya. Toronto zuwa Kalgari wajen awa huɗu ne a jirgi, muna bayan Toronto da awa biyu. Daga Kalgari zuwa garin Banf awa ɗaya da rabi a mota, hanya lafiya lau, tafkin Louise kuma ƙasa da awa ɗaya daga nan. Kwana huɗu sun isa har da zuwa da dawowa. Sai dai a gaskiya in an ɗauki wannan, to a bar Montiriyal da Kebek, ba za a haɗa duka ba.

Banf shi ne gandun daji na ƙasa na farko a Kanada, tun 1885. Shuɗin da kike gani a hoto ba gyaran kwamfuta ba ne. Tulin ƙanƙarar da ke kan duwatsu yana niƙa dutse ya mai da shi gari mai laushi, in ya narke ya gangaro da garin cikin tafki, hasken rana ya bugi ruwan sai ya ba da wannan launi. Shi ya sa ranar zuwa take da muhimmanci. Tafkin Louise yakan kai ƙarshen Mayu ko farkon Yuni kafin ƙanƙararsa ta gama narkewa, tafkin Moraine ya fi shi jinkiri, launinsa ba ya kankama sai wajen ƙarshen Yuni. In bikin a farkon wata ne kuma za ku koma kafin tsakiyarsa, to ni ma na koma bayan Yaya Larai. In kuwa za ku kai ƙarshen wata, ku zo.

Ga Hajiya, tafkin Louise ya fi sauƙi. Daga inda mota ke sauke mutane zuwa bakin ruwa 'yan taku ne, hanyar gefen tafkin a miƙe take. Shi kuwa Moraine, tun 2023 an hana motocin mutane shiga hanyarsa, sai bas na hukumar gandun daji ko na kamfanonin yawon buɗe ido, kuma kujerun suna ƙarewa da wuri, sai an yi rajista a intanet. Hoton da kowa ke ɗauka a can daga saman wani tarin duwatsu ne mai matakala, wannan ba na Hajiya ba ne, ta zauna a bakin ruwa, abin da za ta gani daga nan ma ya isa. A garin Banf akwai ɗan akwatin gilashi da ke tafiya a kan waya ya kai mutum ƙolin dutsen Sulphur a zaune. In da hali ku ɗan bi hanyar Icefields da ta tashi daga tafkin Louise zuwa garin Jasper, kimanin kilomita 230, ko da rabinta ne. Jasper ɗin gobarar daji ta ci kusan kashi ɗaya cikin uku na gine-ginenta a watan Yulin 2024, don haka masauki a can sai an bincika sosai.

Masauki a cikin Banf yana da tsada ƙwarai a wannan lokaci, mutane kan kwana a Canmore, wajen minti ashirin kafin a isa. Ana biyan kuɗin shiga gandun. Ku zo da rigar sanyi mai kauri ko da Yuni ne, wurin tudu ne, da safe sanyi yake yankan kunne, wani lokacin har dusar ƙanƙara takan sauka. Dabbobi kuma na gaske ne ba na gidan zu ba. Doka ta ce a bar tazarar mita 100 tsakanin mutum da dabbar beya, mita 30 tsakaninsa da manyan bareyin nan masu rassan ƙaho, kuma ba su abinci laifi ne mai tara. A watan Yuni matan bareyin suna da jarirai, suna kai wa mutum hari in ya matso.

Ɗan Damagaram (Montiriyal) ya amsa:

Ina gaida manya. Ni ɗalibi ne a nan, bari in cike inda Anti Larai ta bari.

Daga Otawa zuwa Montiriyal awa biyu ne a jirgin ƙasa, daga nan zuwa Kebek wajen awa uku. Faransanci ne harshen hukuma a lardin Kebek, inda garuruwan biyu suke, allunan hanya duk da shi aka rubuta. A Montiriyal kusan duk wanda za ku yi hulɗa da shi yana jin Turanci, a tsohon birnin Kebek ma masu otal da masu shaguna suna ji. Ku dai fara da gaisuwar bonjour kafin komai, suna jin daɗin hakan sosai.

In lokaci ya ƙure, Anti, ku ba Montiriyal kwana ɗaya ku ba Kebek biyu. A Montiriyal ku hau dutsen Mont Royal da mota ku ga gari daga sama, ku je kasuwar Jean-Talon, lokacin 'ya'yan itacen strawberry na gonakin lardin ne. Gabas da kasuwar a kan titin akwai unguwar 'yan Aljeriya da Maroko da Tunisiya, nan ne mahautan halal da gidajen shayi. Abincin da za a yi ta cewa ku ɗanɗana shi ne poutine, soyayyen dankali da cuku da romo a kai. Ku tambayi irin romon kafin ku ci, ko ku saya a shagon halal.

Kebek kuwa Bafaranshe Samuel de Champlain ne ya kafa ta a 1608, kuma ita kaɗai ce birnin da ganuwarsa ke tsaye har yau a arewacin Meziko. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 1985. A bayan ganuwar ne filin da Ingila ta ci Faransa da yaƙi a 1759, abin da ya sa ƙasar ta koma hannun Ingila amma harshen bai tafi ba. Matsalar ita ce garin hawa biyu ne, na sama da na ƙasa, titunan kuma duwatsu ne aka jera, suna gajiyar da gwiwa. Ku kama masauki a sama. A gaban babban otal ɗin Château Frontenac, wanda aka buɗe a 1893, akwai doguwar baranda ta katako mai kallon kogin Saint-Laurent, lafiyayya ce ga Hajiya. Daga kanta akwai ɗan lif mai gangara da ke sauke mutum unguwar Petit-Champlain, kada ku bi matakalar gefe. Magangarar Montmorency tana wajen gari kaɗan, mita 83, ta fi Niyagara tsawo da kusan mita 30 ko da yake ba ta kai ta faɗi ba.

Ku lura da 24 ga Yuni, ranar bikin lardin ce, yawancin kantuna a rufe suke. A ƙarshen watan kuma ake fara babban bikin kiɗa a Montiriyal, kuɗin otal yana tashi.

Ummu Safiyya ta sake rubutawa:

Kai, Allah ya saka muku da alheri, ya raya zuri'a. Na karanta wa Hajiya duka, ta ce a gaishe ku. Bikin a makon farko na Yuni ne, kuma tikitinmu na dawowa kafin 20 ga wata, don haka bisa abin da Baban Amir ya faɗa da kansa za mu bi gabas, Banf sai in Allah ya sake kai mu. Saura abu uku. Ba wanda ya ce komai a kan koren hasken nan. Sannan Hajiya ta riga ta fara haɗa wa autanta tsaraba, har da kilishi da yaji da kuka, za a bari mu shiga da su? Sai lokutan salla, na ji an ce rana ba ta faɗuwa da wuri.

Yaya Larai (Otawa) ta amsa:

Muna amsawa, Allah ya ja da ran Hajiya.

Hasken nan ki cire shi daga ranki a wannan zuwan. Ana zuwa garuruwa irin su Yellowknife da Whitehorse don ganinsa, tafiya ce ta jirgi mai nisa daga Toronto, kuma yana buƙatar dare mai duhu sosai. A watan Yuni can arewa sama ba ta yin duhu ko tsakar dare. Lokacinsa daga ƙarshen Agusta ne zuwa Afrilu.

Tsayin ranar zai shafe ku ko a Toronto. Magariba wajen ƙarfe tara na dare take yi, isha ta kusa sha ɗaya, asuba kuma wajen huɗu saura. Tsakanin isha da asuba barcin ba shi da yawa, ga gajiyar canjin agogo a kwanakin farko, don haka ku tsara fita da hantsi, Hajiya ta samu ƙailula bayan azahar, ku sake fita da yamma tunda haske na nan har tara. Ku matafiya ne, sauƙin da addini ya yi wa matafiyi yana nan, ta tambayi malaminta kafin ku taso don hankalinta ya kwanta. Alƙibla daga nan arewa maso gabas take, abin yakan ba sababbin zuwa mamaki, ki sa manhajar alƙibla a waya. Filin jirgin Toronto yana da ɗakin ibada, masallatan Juma'a kuma suna da yawa, ƙanenki ya san na kusa da shi.

Tsaraba kuwa, kilishi da duk wani abu na nama ku bar shi a gida, za a karɓe ne. Busassun kayan miya da yaji galibi ba a hana su, amma sharaɗin shi ne ku bayyana duk abincin da kuke ɗauke da shi a na'urar kwastan ko a gaban jami'i. In kun bayyana, iyakaci su duba su ɗauke abin da bai halatta ba. In kun ɓoye aka gano, tara ce mai nauyi, kuma karnukansu suna shinshina akwatuna. Ku zuba komai a leda mai haske, ku rubuta sunansa da Turanci a jiki. Haka kuɗi, in abin da ke hannun mutum ya kai dalar Kanada 10,000 dole ya faɗa.

Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci shi ne inshorar lafiya ta matafiya. Asibiti kyauta na mazauna ƙasa ne, baƙo biya yake yi, kuma kwana ɗaya a gadon asibiti yana iya cinye kuɗin tafiyar gaba ɗaya. Ki saya muku ku biyu kafin ku taso, ki karanta da kyau ko ta ɗauki ciwon da mutum yake da shi tun da, don da yawa ba sa ɗauka sai an ƙara kuɗi. Magungunan Hajiya su kasance cikin kwalayensu na asali tare da takardar likita, a jakar hannu, ba a akwatin da za a auna ba. Ki kuma kira kamfanin jirginku kwana biyu ko uku kafin tafiya ki nema mata keken turawa a kowane filin jirgi da za ku sauka. Kyauta ne, kuma a Toronto tafiyar daga ƙofar jirgi zuwa wurin jami'an shige da fice tana da nisa sosai.